Goron Hoto

Tun ranar da Na'Allah ya dawo Unguwar Lalle daga Legas kunnuwanmu ba su huta ba. Shekara uku ya yi can yana sayar da rigunan waya a bakin titi, amma in ka ji shi a majalisa sai ka rantse shi ya koya wa mutanen Legas amsa kira. Komai namu ya tsufa a idonsa, daga yadda muke noma har yadda muke gaisawa. Abin haushin, ba mugu ba ne. Yana da kyauta, yana da fara'a. Bakinsa ne kawai ke riga hankalinsa fita.

A shekarar nan gwaggonsa Hajjo, wadda ta rene shi bayan rasuwar uwarsa, ta yi fama da ciwon ƙafa. Kowa ya girbe dawarsa, tata na tsaye a bayan gari, ta nuna har ta sunkuya. Ran Litinin mai shela ya zaga gari yana faɗin ran Juma'a, da an sauko daga masallaci, za a saki dabbobi. Wanda ya san awakin garinmu ya san abin da wannan ke nufi. Tun farkon damina suke ɗaure a turke suna hangen gonar Hajjo ta saman danga, kuma gonarta ce ta farko in an fita gari. In suka shige ta, abincin shekarar tsohuwa ya tafi.

A wurinmu da goro ake kiran gayya. Ka je ƙofar mutum, ka yi sallama, ka gaishe shi, ka tambayi iyali, sannan ka miƙa. Wanda ya karɓa ya yi alkawari ke nan. Wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗi uzurinsa, ya bar maka goronka. Da yawan goron da ya fita daga ƙwarya mata ke auna tuwo.

Hajjo ta kira Na'Allah ta tura masa ƙwarya.

"Ɗana, ga goro arba'in. Ka hwara da gidan Yari, shi as sarkin noman unguwa. Alhamis nika son a yi gayyar ga."

Na'Allah ya leƙa ƙwaryar ya yi dariya.

"Arba'in, Gwaggo? Don mutum arba'in za ni sha rana gida-gida, ni da niz zamna Legas shekara ukku? Za ni tara miki ɗari biyu ban ɗaga ƙahwa ba. Kahin hantsi gonarki ta koma hili."

"Da mi?"

"Da zumuncin zamani." Ya zaro waya. "Guruf za ni buɗe. Zaure ne na cikin waya, kowa na ciki, magana guda ta ishi dubu."

"Goron hwa?"

Ya gyara tsayuwa, ya ɗauki hoton ƙwaryar ƙyas, ya nuna mata. Hajjo ta daɗe tana kallo.

"Wanga ana tauna shi?"

"Ke dai zura ido, Gwaggo."

Ya tura ƙwaryar ƙarƙashin gadonta ya fice.

Sabis ɗin garinmu yana da halinsa. A nan wayarka ta kama na Najeriya, ka matsa taku uku ta yi maka barka da zuwa Nijar. Wuri guda ne yake zama daram: saman rumbun laka na Hajjo da ke bakin gonarta. Can Na'Allah ya kafa tsani ya mayar ofis. Ya buɗe guruf ya raɗa masa suna Zumuncin Gobir na Duniya Baki Ɗaya, ya zuba duk lambar da ke wayarsa. Ga 'yan garinmu da ke cin rani a Agadas da Maraɗi da Kano, ga mutanen Tozai da Kamarawa da Isa, ga direban da ya taɓa ɗauko shi daga tasha, har da wani Bayarabe abokin wasansa da suka yi zaman rumfa ɗaya a Legas. Mutum ɗari uku da tamanin cif. Baba Yari sarkin noma bai shiga ba, don wayarsa 'yar ƙarama ce, mai tocila.

Talata da safe Na'Allah ya hau rumbu zai yi sanarwa, sai ya tarar an riga shi. Malam Hafizullahi, mai makarantar allo ta bayan masallaci, ya turo murya ta minti huɗu. Ya gaida na gida, ya gaida na daji, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya bi duk wanda ya gane da sunan ubansa. 'Yan ci-rani da suka kwana biyu ba su ji muryar gida ba suka yi caa suna amsawa. Wani a Agadas ya tambayi ƙafar Hajjo. Wani ya tambaya ko an gyara rijiyar yamma. Sanarwar Na'Allah ta nutse a cikin "lahiya lau".

Ransa ya ɓaci. Ya rubuta doka ta farko: an hana gaisuwa.

Malam Hafizullahi mutum ne mai bin doka. Nan take ya turo murya don ya ba da haƙuri, ya fara da sallama, ya tambayi Na'Allah kwanan iyali, kafin ya kai ga haƙurin minti uku sun wuce. Na'Allah ya cire shi.

Da azahar suka yi kiciɓis a ƙofar masallaci.

"Na'Allah, na ga an rubuta wai ka hidda ni. Laihin mi niy yi?"

"Malam, gaisuwarka na cin wuri."

"Wurin nawa ne, da har ina kwana ta cika shi?"

"A Legas ba a haka. Kai tsaye ake zuwa ga magana."

"To, mu nan gaisuwar ita am maganar. Sauran bayani ne."

Jama'a suka yi dariya. Na'Allah ya ce a ransa ƙauyanci ba ya jin magani, ya koma rumbu ya kulle guruf gaba ɗaya, ya zamana ba mai iya cewa uffan sai shi. Daga nan ya tura hoton goro da bayani: gayya ran Alhamis a gonar Gwaggo Hajjo, duk wanda ya ɗaga babban yatsa ya karɓi goro.

To, mutumin da aka rufe wa baki, ga hoton goro mai kyau a gabansa, me zai yi in ba ya danna yatsa ba? Yatsu suka yi ta sauka. Kafin la'asar ɗari biyu da goma sha uku.

Ya sauko yana tafiyar ƙasaita, ya sami matarsa Binta tana tankaɗe.

"A ɗora tuwon mutum ɗari biyu da sha ukku."

Binta ta ajiye rariya.

"Baban Ikilima, dub garin ga maza nawa ne?"

"Ke garin ga kika gani. Ni duniya nika gani."

"Duniyar ta san hanyar gonar Gwaggo?"

"Na tura musu taswira."

"Wa yac ce maka shina zuwa, da bakinai?"

"Baki ya tsuhwa, Binta. Yatsa ka magana yanzu."

Binta ta san mijinta. Ta tafi ta faɗa wa Hajjo. Hajjo ta ce gara tuwo ya yi saura da a ce ta tara mutane ta bar su da yunwa. Aka buɗe rumbu aka kwashe sauran geron da ke ciki tas, wanda da shi ta yi niyyar lallaɓawa har sabuwar dawa ta bushe.

Laraba aka shiga aron tukwane. Gida-gida Binta ta bi, har da gidajen da ba wanda ya je ya gayyata. Tasalla, matar Baba Yari, ta miƙo tata babbar tukunyar tana murmushi.

"Ungo. Tukunyarmu ta yi sa'a, an zo har gida an gayyace ta. Mu dai muna nan."

Maganar ta zaga gari kafin Binta ta kai gida. Maza ma suka ji. Ba wanda ke ƙin Hajjo, kowa ya ci tuwonta yana yaro. Amma a ce an kira na Agadas an kira na Legas, kai da kuke raba danga a wuce ƙofarka ba sallama? Waɗanda ke cikin guruf ɗin ma suka ce su dai ba su ga goro ba, hoto suka gani.

Alhamis da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a bakin gona. Tuwo malmala-malmala, fura ƙwarya-ƙwarya, har da miyar kuka mai man shanu. Hajjo ta dogara sanda ta zo ta zauna. Na'Allah ya sa baƙin tabarau ya tsaya a bakin hanya don ya tsara shigar jama'a kada a yi turmutsutsu.

Rana ta fito. Ba kowa.

"Suna hanya," in ji shi. "Mutum ɗari biyu ba su tasowa lokaci guda."

Can aka hango ƙura. Na'Allah ya ɗaga hannu yana ba da umarni a yi layi. Ƙurar ta matso, sai ga jaki da kayan kara, mai shi ya ce sannunku ya wuce.

Da hantsi babur ya tsaya. Wani Marwan ne daga Kamarawa, cikin farar shadda mai sitaci, ƙamshin turare na tashi.

"Ina magirbinka?" in ji Na'Allah.

"Magirbi? Ni na ga goro, na ce ɗaurin aure ne. Rubutun ban karanta ba, ya yi tsawo."

Ya zauna ya ci malmala biyu, ya sha fura, ya yi addu'a Allah ya ba da zaman lafiya, ya hau babur.

Su kuwa mutanen unguwa, ɗaya bayan ɗaya suka fito suka taru a inuwar tsamiyar da ke kallon gonar. Kowa ya iso sai ya ɗaga murya ya ce, "Sannunku da aiki," ya nemi wuri ya zauna. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina cikinsu, magirbina na jingine a bayan ƙofa tun asuba.

Na'Allah ya tako wurin Baba Yari.

"Baba, ku da kuke kusa ai sai ku hwara, kahin manyan baƙi su iso."

"Hwara mi?"

"Gayya mana."

"Gayya aka yi? Ba mu ji ba."

"Na tura goro tun Talata. Duba wayarka."

Baba Yari ya laluba aljihu, ya fito da 'yar wayarsa, ya kunna tocila, ya haska ƙasa, ya haska cikin hularsa.

"Ban gane shi ba, ɗana. Ko ya hwaɗi a hanya?"

Tsamiya ta ɗauki dariya. Na'Allah ya juya fuu, ya hau tsani, ya ture murfin ciyawar rumbu gefe don ya sami wurin zama, ya buɗe guruf ya tambaya ina aka tsaya.

Kwana biyu an toshe bakin mutane, sai ga saƙonni kamar an fasa tulu. Na Agadas ya ce Allah ya ba da sa'a, yana tare da su a zuci. Na Kano ya turo hoton magirbi. Na Maraɗi ya ce shi tun Talata yake son ya faɗi ba zai samu zuwa ba, ya rasa ta inda zai faɗa. Direba ya tambaya wai wane ne Na'Allah. Bayaraben nan kuwa ya turo hotonsa riƙe da adda a gaban rumfa, ya rubuta: "Bagobiri, goron hoto, aikin hoto. Na gama nawa layin."

Na waiwaya na dubi Hajjo. Tana zaune tsakanin tuwon da ya fara sanyi da dawar da ke tsaye, ta ja gefen zane tana share ido. Daga bayan danga kana jin awaki na kuka suna jan igiya. A nan dariyar ta fita daga raina, na ji kunya ta kama ni.

Na'Allah bai gani ba. Ya miƙe tsaye a kan bakin rumbu, ya danna ɗaukar murya, ya buɗe maƙogwaro.

"Jama'ar Zumuncin Gobir na Duniya, ni shugabanku nika magana. Duk wanda yaɗ ɗaga yatsa bai zo ba, yau za ni nuna mishi ni ba a..."

Ya ga kamar sabis ya yi ƙasa. Ya ɗaga waya sama, ya yi ɗage, ya ƙara taku guda baya. Ƙafa ɗaya ta shuri tsani ya faɗi waje, shi kuma ya zurma ciki, rim. Rumbun da ya sa aka kwashe tas, ko dami ɗaya babu da zai tare shi.

Sai murya ta fito daga ciki, ta yi kauri kamar ana magana a randa.

"Wayyo Gwaggo! Binta! Ku hidda ni! Akwai ɓera!"

Ya miƙa wayar sama yana neman haske, yatsansa ya taɓa wurin turawa. A bakin rumbun nan kuwa sabis ba ya ƙarya. Jawabin shugaba, da rim ɗin, da ɓeran, duk suka tafi wa mutum ɗari uku da saba'in da tara. Wayoyin da ke ƙarƙashin tsamiya suka yi ƙara lokaci guda, muka sake jin faɗuwar daga farko.

Baba Yari ya tashi ba gaggawa, ya tayar da tsani, ya hau, ya leƙa.

"Ka ji ciwo?"

"A'a, Baba. Miƙo hannu."

Baba Yari ya zura hannu cikin rumbu, ya dunƙule shi, ya ɗaga babban yatsa.

"Ga shi. Jama'a, ku taimaka mishi."

Duk muka ɗaga. Baba Yari ya ƙirga a hankali ya leƙa ya ba shi labari.

"Talatin da shidda, ɗana. Da wanga yawan ai ka hita."

"Baba, don Allah."

"Ko a turo maka hoton igiya?"

Malam Hafizullahi ya matso gindin rumbu ya yi gyaran murya.

"Ni ban san wa ke ciki ba. Ban ji an yi sallama ba."

Ana cikin haka sai ga Binta ta dawo daga gida da ƙwaryar nan ta ƙarƙashin gado. Hajjo ce ta aike ta. Tsohuwa ta sa aka ɗaura wa ƙwaryar igiya, aka zura wa Na'Allah cikin rumbu.

"Ɗana," ta ce, "gobe aka sakin awaki. Tun Litinin na ba ka aiki. Tunda ka ƙi zuwa ƙohwar mutane, ga mutane sun zo ƙohwarka."

Da Na'Allah ya sake magana, muryar ba ta Legas ba ce.

"Salamu alaikum, Baba Yari. An tashi lahiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya Inna Tasalla? Gwaggo ce ka neman taimako a gonarta. Ga goro."

"To, yanzu na ji," in ji Baba Yari. Ya karɓa, ya ɓare, ya jefa a baki, ya sauko ya ce a kawo masa magirbi.

Haka aka yi ta yi. Kowa ya hau tsani, a gaishe shi da sunansa, a tambayi gidansa, ya karɓi goro ya nufi gona. Wanda Na'Allah ya manta sunan ɗansa sai ya tsaya a kan tsani har ya tuno. Da layi ya zo kan Malam Hafizullahi, ya amsa gaisuwar nan dalla-dalla, ya mayar da tasa, ya tambayi zaman rumbu, ya tambayi ɓeran. Binta ta duba agogon waya, minti shida. Marwan na Kamarawa ma, da ya ji faɗuwar a wayarsa yana kan hanya, ya juyo don kallo, aka miƙa masa goro, ya tuɓe shadda ya rataye a tsamiya.

Sai da goro talatin da tara suka fita sannan aka jawo shi, fari fat da ƙura, tabarau ido ɗaya. Ba wanda ya tsaya yi masa dariya, don an riga an shiga aiki. Maza na kayar da kara, wasu na yanke zangarniya, mata na ɗaure dammuna, mai ganga ya zo ba a kira shi ba. Tuwon mutum ɗari biyu da sha uku kuwa, mutum talatin da tara da iyalansu suka nuna masa iyakarsa. Aka yi yini guda, aka ƙarasa da safiyar Juma'a. Da aka sauko daga masallaci aka kwance awaki, suka kwasa a guje zuwa gonar Hajjo, suka tarar da kara.

Guruf ɗin yana nan har yau, amma a hannun Binta. Ta mayar da Malam, ta sallami direba da duk wanda bai san wace ce Hajjo ba, ta rage sunan ya koma Unguwarmu. Kullum da gaisuwar Malam ake buɗe shi. Ta nan na Agadas ya aiko wa Hajjo man shafawa na ƙafa, ta nan ake jin wa ya haihu, wa ke kwance. In gayya ta tashi a nan ake tuna wa mutane rana, amma goro da ƙafa ake kai shi. Na'Allah kuwa yanzu cewa yake duk tsari ne, shi ne mutum na farko a ƙasar Gobir da ya kira gayya daga cikin rumbu.

Amma ni ina wurin ranar Alhamis ɗin, na ga abin da ba ya faɗa a majalisa. Da aka jawo shi, ya raɓe a gindin rumbu yana kakkaɓe riga, ya kasa haɗa ido da gwaggonsa. Hajjo ta jawo ƙwarya, ta ɗauki goro ɗaya da ya rage, ta dogara sanda har gabansa.

"Na'Allah, an tashi lahiya? Ya iyali? Ina da gayya a gonata." Ta miƙa masa. "Za ka karɓa, ko in sa Binta ta ɗauki hotonai ta turo maka?"

Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Dami na farko da ya shiga gidan Hajjo, a kansa ya shiga.